Kifin zebra da ake gwaji da shi, ina ne asalin ruwansa?

Nasiru_AjiUku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu na darasin ƙwayoyin halitta ya kwana biyu yana ambaton wani ɗan kifi, Danio rerio, wanda ake ce wa kifin zebra. Duk hotonsa da na gani a tanki yake, ruwa garau, fitila a samansa. To kafin masana su ɗauke shi su sa a tanki, ina yake rayuwa? Wani abokina ya dage na Afirka ne, wai shi ya sa aka laƙa masa sunan zebra, wato jakin dawa. Ni kuma na ce in na nan ne ai da mun taɓa ganinsa a hannun masunta. Masu sani a raba mana gardama.

Baffan_Yara:
Wa alaikumus salam. Ina bayan abokinka. Jakin dawa ai namu ne, kifinsa ma namu ne hhh.

Dakta_Ruƙayya:
Wa alaikumus salam Nasiru. Kai ke da gaskiya. Zanen jikinsa ne kawai ya jawo masa sunan, layuka shuɗaye da suka taso daga bayan kai har ƙarshen wutsiya. Asalinsa kudancin Asiya ne: Indiya, Bangaladash, Nefal, Butan da wani yanki na Pakistan. Inda ya fi yawa shi ne ƙasar da kogin Ganjis da kogin Barahmaputra suke ratsawa. Wanda ya fara rubuta bayaninsa a ilimance wani likita ne ɗan Sikotiland, Francis Hamilton, a littafinsa na kifayen Ganjis da rassansa da ya fito a 1822. A yankin kogin Kosi ya same shi, wanda reshe ne na Ganjis ɗin.

Baffan_Yara:
To Dakta ta yi magana, na ja bakina. Amma dai a rubuta cewa jakin dawan namu ne.

Sarkin_Ruwan_Group:
Kenan kifin babban kogi ne. Ganjis ai ba ƙaramin ruwa ba ne. Abin mamaki a ce kifin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba yana iya zama a wannan igiyar ruwan.

Habu_Mymensingh:
Sarkin Ruwa, nan ne mutane da yawa suke ɓata. In an ce "yankin Ganjis" ba tsakiyar kogin ake nufi ba, ƙasar da ruwanta yake gangarawa cikinsa ake nufi. Na yi karatun kiwon kifi a Bangaladash, a Mymensingh, kuma a can ba sai ka je wani waje mai nisa ba. Ka bi gefen gonar shinkafa, ka duba lambatun da ke kai ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, inda ruwan bai wuce ƙauri ko gwiwa ba, ga ciyawa ta sunkuyo a kansa, ƙasan kuma taɓo. Ka tsaya shiru na ɗan lokaci. Za ka ga wasu 'yan kifaye suna ta zirga-zirga dab da saman ruwa, a garke, suna juyawa tare. In inuwarka ta faɗa musu sai su watse cikin ciyawa, can kuma su sake haɗuwa. Daga sama ba ma ka ganin zanen sosai, bayansu kalar taɓon ne. Sai ka kamfato ɗaya a tafin hannu ka karkata shi wajen rana sannan shuɗin yake fitowa.

Yara a ƙauyukan can da ƙyalle suke kamun ƙananan kifaye. Biyu su riƙe bakinsa, su nutsa shi, su ɗaga. Abin da ya taso gauraye yake, iri-iri, kuma babu wanda ya damu ya ware wannan daban. In ka ce musu akwai manyan jami'o'in da suke gina ɗaki guda saboda shi, har da ma'aikatan da ke ba shi abinci a kan lokaci, dariya za su yi maka.

Ummu_Sadiya:
Ikon Allah. Malam Habu, ana cin sa?

Habu_Mymensingh:
Hajiya, mutanen can suna cin ƙananan kifaye sosai, da kai da ƙaya ake dafawa. Amma shi wannan ba shi ake fita nema ba. Santimita 3 zuwa 4 ne fa tsawonsa, na rafi ma sau da yawa bai kai na tanki girma ba.

Injiniya_Bala:
Ni inda ban gane ba shi ne, gonar shinkafa ai mutum ne ya yi ta. Yaya za a ce nan ne mazaunin asali na wata halitta? Kafin a fara noman shinkafa a ina yake?

Dakta_Ruƙayya:
Tambaya mai kyau Injiniya. Ƙasar Bengal shimfiɗaɗɗiya ce, ambaliya take sha duk shekara tun kafin a san noma. Damina in ta sauka, daga wajen Yuni zuwa Satumba, koguna su cika su batse, ruwa ya malale ya bar kududdufai da ƙoramu da tafkuna marasa zurfi. Irin wannan ruwan kifin ya saba da shi. Manomi da ya zo ya yi fangali ya tare ruwa, bai ƙirƙiro sabon abu ba a wajen kifin, ƙara masa fili ya yi. Masu binciken da suka bi sawunsa a arewa maso gabashin Indiya sun kawo cewa manyan sukan zauna a ƙoramu da ruwan da ba ya ƙafewa, da damina su shiga wuraren da ruwa ya kwanta su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a can, kafin ruwa ya janye su koma.

Ɗan_Nguru:
Wannan bayanin na Dakta kamar fadamarmu ta Haɗeja zuwa Nguru take siffantawa. Ruwa ya zo ya shafe ko'ina, kifi ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa, ruwa ya janye kowa ya nemi gurbi. Ni na fara zargin ko muna da shi ba mu lura ba. Akwai 'yan mitsi-mitsin kifayen da muke gani a bakin ruwa waɗanda ko suna ba mu damu mu sa musu ba.

Malam_Tukur_Kifi:
Ɗan Nguru, kamannin waje ba ya kawo kifi. Babu Danio rerio a kogunanmu ta hanyar asali. Tsakaninmu da Indiya akwai teku da hamada, shi kuma ruwan gishiri ba ya ɗaukarsa. 'Yan ƙananan da kake gani wasu danginsa ne na nesa, don shi ma ɗan babban gidan su kifin da Turawa ke kira "carp" ne, gidan da yake da wakilai a Afirka, wasu kuma 'ya'yan karfasa ne da na kawara da ba su girma ba. Amma maganarka ta tuna min wani abu. Akwai ɗan kifin da masana suke kira Pronothobranchius kiyawensis, wanda aka fara rubuta bayaninsa a 1928, an sa masa sunan ne saboda daga kogin Kiyawa kusa da Katagum aka samo shi. Shi dabararsa daban: kududdufi ya ƙafe, iyayen su mutu, ƙwan ya zauna cikin busasshiyar laka har wata damina ta zo ya ƙyanƙyashe. Wani ɗan uwansa na Zimbabuwe da Mozambik, Nothobranchius furzeri, yanzu shi ma ya shiga ɗakin gwaji, ana nazarin tsufa da shi saboda 'yan watanni kawai yake rayuwa.

Ɗan_Nguru:
Kai Malam! Kiyawa tamu ta nan? Wallahi yau na fara ji.

Nasiru_AjiUku:
Malam Tukur, to shi kifin zebra ƙwansa yana jure bushewa haka?

Malam_Tukur_Kifi:
Ko kusa. Ƙwansa in ya bushe ya mutu. Shi sauri ne makaminsa. Ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin kwana 2 zuwa 3, wajen kwana na 5 ɗan ya fara neman abinci da kansa, cikin wata 3 ya isa haihuwa. Dole ya gama abin da zai yi kafin ruwa ya gudu, ko ya bi ruwan.

Zainab_Lab:
Bari in sa baki a matsayina na wadda ta yi aiki da shi a ɗakin gwaji lokacin karatun digiri na biyu a waje. Abin da Malam Habu ya faɗa ya sa ni dariya, don mu a can lallaɓa shi muke kamar jinjiri. Zafin ruwa digiri 28.5, ba ƙari ba ragi. Fitila awa 14 a kunne, awa 10 a kashe, agogo ne yake yi. Ruwan a tace shi, a auna gishirinsa. In za mu karɓi ƙwai, da yamma mu sa mace da namiji a ƙaramin tanki mai raga a ƙasa, da ɗan shamaki a tsakaninsu. Da safe fitila na kamawa mu zare shamakin, namijin ya hau bin ta, kafin ka gama shan shayi ƙwai ya zubo ta cikin ragar. Ragar nan ba ado ba ce, in babu ita iyayen cinye ƙwan suke yi. Mace ɗaya takan zubar da ɗaruruwa. Ka ɗebo su da bututu ka sa a faranti ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙwan garau yake, kana kallon ɗan tayi yana haɗuwa. Washegari ma sai ka ga zuciya ta fara motsi. Ranar da na fara gani na daɗe ban ɗaga kaina ba.

Habu_Mymensingh:
Malama Zainab, wannan na safiyar gadonsa ne. A rafi ma da ketowar alfijir suke yin ƙwai, a gefe-gefe inda ruwa bai da zurfi. Fitilarku alfijir take kwaikwayo. Amma batun digiri 28.5 ɗin nan, shi dai kifin bai san da shi ba. An same shi a ruwan da zafinsa ya haura digiri 38, an kuma same shi a ruwan da ya sauka wajen digiri 12, a kan tudu sama da mita 1,500. Ko a fangali ɗaya, ruwan asuba da na azahar ba ɗaya ba ne.

Zainab_Lab:
Gaskiya ne, amma kada a ɗauka masana ba su san hakan ba. Ana tsayar da zafin ne don in na ce "ɗan tayi mai awa 24", wanda ke Japan da wanda ke Jamus su san matakin da nake nufi. In zafi ya sauya, saurin girma ya sauya, sai lissafi ya rikice.

Injiniya_Bala:
To ai nan gizo ke saƙa. In kun yi shekara da shekaru kuna kiwonsa a ruwa ɗaya, zafi ɗaya, abinci na zuwa ba wahala, babu mai farautarsa, anya har yanzu kifin Malam Habu ne a tankinku? Ko dai kun mayar da shi wani abu daban kuna kiransa da tsohon suna?

Dakta_Ruƙayya:
Injiniya yau ka zo da shiri. Ka ma duba yadda ya shiga ɗakin gwajin tun farko. Ba daga rafin Indiya aka ɗebo shi kai tsaye ba. Ya riga ya daɗe a hannun masu kiwon kifin ado. George Streisinger, na Jami'ar Oregon a Amurka, wanda ya fara tsayawa a kansa har ya fitar da aikinsa da ya yi suna a 1981, daga shagon sayar da dabbobin gida ya samo nasa. Daga su aka samu zuriyar da ake kira AB. Ta Tubingen a Jamus, wadda Christiane Nüsslein-Volhard da mutanenta suka yi babban aikinsu na 1996 da ita, ita ma daga hannun 'yan kasuwar kifin ado ta fito. Daga baya ne aka shigo da waɗanda asalinsu ya fi kusa da rafi, irin WIK daga wajen Kolkata da Nadia daga gundumar Nadia a Bengal ta Yamma.

Ga abin da zai ba ka amsa. An daɗe ana neman abin da ke sa kifin zebra ya zama mace ko namiji a cikin ƙwayoyin gadonsa, abin ya ƙi fitowa fili. Wani tanki ya cika da maza, wani da mata. A 2014 masu bincike a Oregon suka gwada zuriyoyin da ke kusa da na rafi, sai ga shi a sarari a kan kuromosom na 4, wato ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. A AB da Tubingen kuwa wannan tsarin ya ɓace a cikin kiwo. Wato shekaru ana neman abu a jikin kifin da ya riga ya yar da shi.

Injiniya_Bala:
Allah ya ƙara basira Dakta. Kenan zargina bai faɗi ƙasa ba.

Zainab_Lab:
Bai faɗi ba, amma kada a wuce gona da iri. Iri ɗaya ne har gobe, in ka haɗa su suna haihuwa. Kuma yawancin abin da ake nema a jikinsa, yadda ido yake haɗuwa, yadda jini yake samuwa, yadda zuciyarsa take sake tsirowa in an yanke wani ɓangare, ba ruwansu da ko a fangali ya girma ko a tanki. Da aka kammala karanta ƙwayoyin gadonsa a 2013 an ga kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna da takwara a jikinsa. Inda bambancin yake ciwo shi ne nazarin ɗabi'a: tsoro, zama a garke, zaɓen abokin haihuwa. Nan kam na tanki ya yi sanyi, yana ganin mutum yake tasowa neman abinci.

Baffan_Yara:
Kashi 70? Ashe 'yan uwa ne. A daina ba shi wahala don Allah.

Sarkin_Ruwan_Group:
Malam Habu, tunda an ambaci farauta, su wa ke cin sa a can? Shi kuma me yake ci?

Habu_Mymensingh:
Masu cin sa da yawa. Akwai kifin nan mai kan maciji da suke da shi iri-iri a can, shi ne dodon fangali. Akwai wani siriri mai dogon baki da ke yawo a saman ruwa, ga dangin tarwaɗa, ga tsuntsaye irin su zalɓe daga sama. Jariransa kuma 'ya'yan mazari da ke cikin ruwa suna kama su. Shi ya sa ba kasafai na rafi yake wuce shekara guda ba, alhali na tanki yakan yi shekara 3, wani ma har 5. Abincinsa kuwa duk abin da ya shiga bakinsa: ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sosai, tsutsar sauro, ƙwarin da suka faɗo daga ciyawa, har da gansakuka da ɗan dattin ƙasa.

Ummu_Sadiya:
Tsutsar sauro? To ai maganinmu ke nan. Me zai hana a kawo a zuba a kwatocinmu da kududdufai?

Alhaji_Akwariyom:
Hajiya ni ma na taɓa wannan tunanin. Ina kiwonsu a gida a Kano, a wajen masu sayar da kifin ado nake saye. Ba su da laulayi ko kaɗan. An sha ɗauke wuta injin iska ya tsaya, wasu kifayen su fara haki a sama, su kuwa suna harkarsu. Da hunturu ne kawai nake ganin sun rage kuzari. Ina ga da an sake su za su rayu.

Malam_Tukur_Kifi:
Alhaji, Hajiya, don Allah a'a. Rayuwar tasu ita ce abin tsoron. Ruwanmu da ɗumi, da damina, da shinkafa, ga wuri ya yi musu. In suka kama, abincin da 'ya'yan kifayenmu suke ci shi za su ci, kuma kifin da ya shiga fadama ba a tsince shi a fitar. An riga an gani a wasu wurare. An same shi a ruwan waje a wasu jihohin Amurka da Kolombiya. A Barazil, a jihar Minas Gerais inda ake kiwon kifin ado da yawa, an ba da rahoto a 2022 cewa waɗanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta suna ƙyalli ja da kore sun tsere daga gonakin kifi sun shiga ƙoramu. Batun sauro kuma, ƙananan kifayenmu na gida suna cin tsutsar tun da can. Kwatar da ta cika da leda da ruwan wanki kuwa ba kifin da zai zauna a ciki, yashewa take so.

Alhaji_Akwariyom:
An ji Malam. Nawa dai suna falo, ba inda za su. Masu ƙyallin nan na taɓa gani a hoto, GloFish, tun 2003 ake sayar da su a Amurka.

Maryama_Zinder:
Sannunku da muhawara, ina biye tun farko. Ina so in koma kan tambayar Nasiru, don an yi nisa. Wani littafin da muka karanta da Faransanci ya sa Miyanma cikin ƙasashen asalinsa, Dakta kuma ba ta ambace ta ba. Mantuwa ce ko da gangan?

Dakta_Ruƙayya:
Da gangan ne 'yar uwa. Littattafai da yawa suna sa ta, amma tsofaffin rahotanni suke kwafa. Da aka koma aka duba, Miyanma tana da nata kifayen masu kama da shi ƙwarai, irin Danio kyathit, waɗanda daga baya aka gane iri ne daban. Haka rahotannin Siri Lanka ba su da ƙarfi. Abin da ya tabbata: daga arewa iyakarsa gindin duwatsun Himalaya, daga yankin kogin Sutlej a iyakar Indiya da Pakistan har zuwa Arunachal Pradesh a gabas. A kudancin Indiya ma akwai shi, amma jefi-jefi, a ƙoramun duwatsun Ghats na yamma da na gabas. Na can wani lokaci a ruwa mai gudu yake, mai tsakuwa a ƙasa, ba irin lambatun Malam Habu ba.

Habu_Mymensingh:
Wannan na kudu ban gani da idona ba, na Bengal na sani. Amma ya nuna kada a ce wuri iri ɗaya kawai yake zama.

Injiniya_Bala:
To da maganin ƙwari da takin zamani da ake zubawa a shinkafa fa? Bai kusa ƙarewa a can ba?

Malam_Tukur_Kifi:
A jerin IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, yana cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, saboda faɗin ƙasar da yake ciki da yawan haihuwarsa. Wannan hukunci ne a kan irin gaba ɗaya. Ba ya nufin kowane rafi lafiya yake. Gari in ya ci fadama, ko aka cike kududdufi aka yi gini, kifin wannan wajen ya tafi, da duk abin da ya bambanta shi da na wani kwari.

Zainab_Lab:
Abin dariyar ma shi ne da ƙwansa ake gwada dafin irin waɗannan magungunan a ɗakin gwaji.

Nasiru_AjiUku:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na tura wa abokin nawa duka, ya ce shi dai har yanzu bai yarda ba sai ya ga taswira. Dakta, in na rubuta a jarrabawa cewa na tanki da na rafi sun bambanta a batun mace da namiji, malam zai karɓa kuwa?

Dakta_Ruƙayya:
Rubuta, amma ka ambaci zuriyoyin da sunansu, AB da Tubingen, kada ka ce duk na tanki. WIK ma a tanki take.

Ɗan_Nguru:
Malam Tukur, ni fa hankalina yana kan na Kiyawa. Wane wata ya kamata mutum ya duba kududdufan, kuma yaya kalarsa take?